Jirgin Ƙasa da Fataucinmu: Tarihin Tashoshin da Suka Ciyar da Kasuwannin Njamena

'Yan uwa, a duk faɗin ƙasar Cadi babu titin jirgin ƙasa ko na taku ɗaya. Yaron da aka haifa a Njamena yana iya girma har ya yi furfura bai taɓa jin kukan jirgi ba. Amma duk wanda ya zauna a rumfa da dattawan ƙungiyarmu bayan la'asar zai ji suna kiran Nguru da Kafanchan da Belabo kamar unguwannin bayan gidansu. A waɗannan tashoshi suka kwana a kan buhu, a nan suka koyi ciniki, da yawansu kuma a nan suka tara jarin da muke juyawa yau. Tunda bana muna bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya, muka ga ya dace mu rubuta tarihin jiragen da suka ɗauki iyayenmu, domin na baya su san inda aka fito, mu kuma san abin da za mu nema idan maganar kawo dogo garinmu ta tabbata.

Kafin zuwan dogo

An kafa garin nan a 1900, bayan yaƙin Kuseri da aka kashe Rabe da kwamandan Faransa Lamy. Da sunan wannan kwamanda aka riƙa kiran garin Fort-Lamy, har zuwa 1973 da aka mai da shi Njamena. A farkon kafuwarsa, falken da ya taso daga Kano sai ya bi ayari, madugu na ja, jakuna da takarkarai na ɗauke da turkuɗi da baƙin saƙi da kayan fata da goro. A ratsa Haɗeja, a shiga Barno, a biyo ta Dikwa har bakin kogin Shari. Tafiya ce ta makonni, ga fito a kowane gari, ga 'yan fashi, ga dabba ta mutu a hanya. Goron kansa daga Gwanja ake ɗauko shi, tafiyar watanni kafin ma ya iso Kano. Mai ƙaramin jari ba ya iya wannan fatauci shi kaɗai, dole ya raɓu da babba.

Dogo ya iso Kano

Turawan Ingila sun fara shimfiɗa dogo daga Ikko a 1896, ya kai Badun a 1901. A Arewa kuma, gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugard a 1907, asalinsa injiniyan dogo ne. A zamaninsa aka fara wani layi daga Baro, a bakin kogin Kwara, inda jiragen ruwa ke sauke ƙarafa. Talakawa aka riƙa ɗiba ta hannun sarakuna suna haƙa suna dakon ƙasa da kwanduna, aikin da jama'a ba su manta wahalarsa ba. A 1911 dogo ya shiga Kano. Aka haɗe layin Ikko da na Baro a Minna, a 1912 suka zama reluwe ɗaya. Daga Ikko zuwa Kano kimanin kilomita 1,126 ne. A farkon lamari babu cikakkiyar gada a Jebba, sai a ɗora taragu a jirgin fito a tsallakar da su, har aka gama gadar bayan 'yan shekaru.

Auduga Turawa suka sa wa rai, don masaƙun ƙasarsu. Manoman Kano suka duba farashi suka ga gyaɗa ta fi, suka koma mata, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye, har aka kai ga dalar gyaɗa a gefen tasha. Goro ma ya sauya hanya. Maimakon ayarin Gwanja, sai a sako shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga baya kuma aka riƙa nomansa a ƙasar Yarabawa, wajejen Agege da Shagamu, jirgin ƙasa ya kawo shi Kano cikin kwanaki kaɗan yana ɗanye shar. Hausawa suka kafa zango a kowace babbar tasha, irin Sabon Badun da aka keɓe musu a 1916. Baƙo ya sauka gidan mai gida, a ba shi masauki, a adana masa kaya, a haɗa shi da dillali. Wannan tsari shi muke bi har gobe, ko da mota muka je.

Nguru da Maiduguri

Dogo ya ƙara matso mu a 1930, lokacin da aka ja reshe daga Kano ta Ringim da Malam Madori zuwa Nguru. Shekara talatin da 'yan kai Nguru ce ƙarshen dogo ta gabas. Shanun Kanem da na bakin tafki a ƙafa ake koro su har can, ko a kai su Kano, a loda a tarago zuwa Kudu. Kanwa da fatu da ƙiraga da busasshen nama duk ta nan suke bi. A dawowa kuma a taho da goro, atamfa, gishiri, sukari, kananzir da kwanuka.

Akwai kuma layi na biyu da ya taso daga Fatakwal, wanda aka fara saboda kwal ɗin Inugu. Ya kai Inugu a 1916, ya haura ta Makurɗi da Kafanchan ya haɗu da layin Kano a Kaduna, aka gama babbar gadar Binuwai a Makurɗi a 1932. Daga jikin wannan layi ne aka ciro wanda ya fi shafarmu. A 1958 Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancen dala miliyan 28 don aikin reluwe, aka fara shimfiɗa daga Kuru, kusa da Jos, ta Bauci da Gwambe da Buni, aka shiga Maiduguri a 1964. Tsawonsa kimanin kilomita 640.

Daga Maiduguri zuwa nan, ta Dikwa da Gamboru da Fotokol da Kuseri, bai fi kilomita 250 ba. Ke nan shekara huɗu bayan Cadi da Nijeriya sun sami 'yancin kai, ɗan kasuwar Fort-Lamy ya wayi gari tsakaninsa da tashar jirgi tafiyar yini guda ce a mota da rani. Idan Fatakwal ya nufa, zama ɗaya zai yi na kilomita 1,443, ya ratsa Kafanchan, Lafiya, Makurɗi, Inugu da Aba. Idan Ikko ce, daga Kafanchan sai a karkata Kaduna, a gangara Minna, Zungeru, Jebba, Ilori, Oshogbo, Badun da Abekuta, a sauka tashar Iddo. Bandar kifin tafkin Cadi ta samu kasuwa a Kudu, man fetur da siminti kuma suka riƙa iso mana ta wannan hanya.

Yadda jirgin ke aiki

Matasanmu da suka saba da mota za su so sanin yadda tafiyar take. Layin guda ɗaya ne tilo, faɗin tsakanin ƙarafansa milimita 1,067. Tunda jirgi biyu ba sa iya giftawa a kan layi ɗaya, sai aka yi wa tashoshi layin ratse inda ɗaya zai tsaya ɗan uwansa ya wuce. Direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa sandar izini ta wannan yanki, idan ya isa tasha ta gaba ya mayar, a ba shi wata. Muddin sandar tana hannunsa, ba wani jirgi da zai shigo masa. Abin da ya sa ake daɗewa a wata 'yar tasha cikin daji ke nan, ana jiran mai zuwa. A zamanin kan jirgi mai kwal kuma, dole a riƙa tsayawa shan ruwa da ɗibar kwal, kafin masu amfani da man gas su fara shigowa a shekarun 1950. A 1955 ne aka mai da reluwen hukuma mai cin gashin kanta.

Taragun fasinja aji-aji ne. Na ɗaya yana da gadon kwana, galibi na manyan ma'aikata. Na uku bencin katako ne, nan iyayenmu suke, ƙafa a kan buhu, buta a gefe. Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne taragon kaya da ake jonawa a jikin jirgin fasinja. Mutum ya kai huhun goronsa ko dilar atamfa a auna, ya biya gwargwadon nauyi da nisa, a ba shi takarda, kayansa na tafiya a jirgin da yake ciki. Kuɗin a rubuce yake, ba ciniki, ba shinge a kowane gari.

Dattawanmu kan ce jirgin kaya na kamfani ne, na fasinja kuwa na talaka. Gaskiyarsu. Kamfanonin Turawa da manyan attajirai su ke iya ɗaukar tarago sukutum. Mai jarin huhu biyu kuwa jirgin fasinja ne ya raba shi da raɓuwa a jikin madugu, ya mai da shi mai zaman kansa. A cikin tarago ake sanin farashin Ikko kafin a isa Ikko, a nan ake ba da sautu, a nan ake ƙulla amanar da wasu gidajenmu ke cin moriyarta har jikoki. Kowace tasha kuma kasuwa ce: mata da yara na bin tagogi da doya, lemo, burodi, dafaffen ƙwai da fura.

Alhazai ma sun ci albarkacin dogo. Masu zuwa Makka ta ƙasa sukan biyo ta garin nan, su wuce Abeshe su shiga Sudan. Da can sai sun kai El Obeid kafin su ga jirgi, amma daga 1959 dogon Sudan ya iso Nyala, tafiyar ta ragu ƙwarai. Da yawa daga Hausawan Njamena zuriyar waɗanda suka yada zango ne a kan wannan hanya, guzuri ya ƙare, suka kama sana'a, zama ya kama.

Yadda abin ya lalace

A 1964, shekarar da dogo ya shiga Maiduguri, reluwen Nijeriya ya ɗauki fasinja fiye da miliyan 11. Bayan shekara goma adadin ya faɗo zuwa miliyan 4 da 'yan kai. Dalilan a fili suke. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse layin Fatakwal tun sabon reshenmu bai gama kama ƙasa ba. Kuɗin fetur ya shigo, gwamnati ta zuba shi a titunan mota, manyan motoci suka kwashe kayan da jirgi ke ɗauka. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa suka rushe dalar da ke biya wa reluwe kuɗin gyara. Kan jirgi ya lalace babu kayan gyara, titi ya tsufa ba a sauya ba, jirgin da aka ce zai iso yau sai jibi. Ɗan kasuwa yana jure tsada, amma ba ya jure rashin tabbas, musamman mai goro ko kifi. Ɗaya bayan ɗaya mutanenmu suka koma mota.

An yi ƙoƙarin farfaɗowa. Daga 1979 zuwa 1982 an ba ƙwararru daga Indiya riƙon hukumar, abubuwa suka ɗan miƙe, suna tafiya aka koma gidan jiya. A 1995 aka kawo kamfanin CCECC na ƙasar Sin. Sai a Disamban 2012 jirgin fasinja na Ikko zuwa Kano ya dawo bayan shekaru yana kwance, sau ɗaya a mako, yana cin awa talatin ko fiye, daga baya ma ya yi ta tsayawa yana tashi. Na Maiduguri kuwa ya daɗe da yin shiru, rikicin Boko Haram ya zo ya ƙarasa. Bayan harin da aka kai Gamboru a watan Mayun 2014, hanyar motar ma ta rufe mana na tsawon lokaci. Kowa a cikinmu ya san wanda ya yi asarar dukiya ko rai a wannan tsakani. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Jirgin dare na Ngawundare

Yayin da ƙofar yamma ke rufewa, ta kudu tana buɗewa. A Kamaru, Jamusawa ne suka fara dogo daga Duwala, Faransawa suka ƙarasa shi Yawunde a 1927. Bayan 'yancin kai, a zamanin shugaba Ahmadu Ahijo, aka ja shi arewa: ya kai Belabo a 1969, ya shiga Ngawundare a 1974. Daga Yawunde kilomita 620 da 'yan kai ne, faɗin layin kuma mita ɗaya daidai. A 1985 aka buɗe gadar Ngeli a kan kogin Logon, tsakaninmu da Kuseri, motoci suka huta da jiran jirgin fito. Tun daga nan galibin kayan da Cadi ke shigowa da su daga teku ta Duwala suke biyowa. Hukumar gwamnati ce ke tafiyar da reluwen har 1999, lokacin da aka miƙa shi ga kamfanin Camrail.

Wannan shi ne jirgin fasinja mai dogon zango da mafi yawanmu muka sani da idonmu. Mukan hau mota daga Kuseri, mu ratsa Marwa da Garwa, kimanin kilomita 750, mu hau tudun Adamawa mu isa tasha. Jirgi na tashi da yamma, ya kwana yana tafiya ta Ngawundal da Mbitom da Belabo da Nanga Eboko, ya shiga Yawunde da safe ko da hantsi. Akwai kujerun aji na biyu, da na aji na ɗaya, da ɗakunan kwana masu gado biyu ko huɗu. Ko tsakar dare aka tsaya, za ka ji masu talla a bakin taga da zuma da ayaba da abarba da rogon da aka naɗe a ganye. Mai sauka Yawunde ya nufi 'yan uwa a unguwar Birketiri, mai wucewa Duwala ya sauka New Bell. A dawowa, motocin Arewa na jere a ƙofar tashar Ngawundare suna jiran jirgi.

Shi ma wannan reluwe ya ga baƙar rana. Ran 21 ga Oktoba 2016, ruwa ya cinye titin mota tsakanin Yawunde da Duwala, jama'a suka yi dafifi a tasha, aka ƙara wa jirgi taragu. Da ya iso Eseka ya kauce daga kan layi. Ƙidayar gwamnati ta ce mutum 79 suka rasu, ɗaruruwa suka ji rauni. Hatsarin bai faru a layin Ngawundare ba, amma darasinsa ya shafi kowane mai hawa jirgi: ƙarfe ma yana da iyakar abin da zai ɗauka, birkin da ba a kula da shi ba kuma ranar cunkoso yake tona asiri.

Abin da ke gaba

Maganar kawo dogo Njamena ta daɗe ana yinta. A 2011 gwamnatin Cadi ta sa hannu da kamfanin CCECC kan layukan da za su nufi iyakar Sudan da ta Kamaru. A 2014 Cadi da Kamaru suka ƙulla yarjejeniyar jawo layin Ngawundare zuwa nan, Bankin Raya Afirka ya tallafa wa binciken hanyar da za a bi. A Nijeriya kuma an buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016 da na Ikko zuwa Badun a 2021. A shekarar 2021 ɗin ne kuma aka ƙaddamar da aikin Kano zuwa Maraɗi, da na gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri. Alkawari dai an sha, ƙarfe ne har yanzu bai tsallako kogi ba.

Akwai abin da ya kamata mu fahimta tun yanzu. Tsohon layin Nijeriya da na Sudan milimita 1,067 ne, na Kamaru 1,000, sababbin layukan Nijeriya kuma 1,435. Taragon wannan ba ya hawa titin wancan. Duk inda faɗi biyu suka haɗu, sai an sauke kaya an sake lodi, kuma mun san abin da sauke-lodi ke ci: kuɗin 'yan dako, kwanakin jira, kayan da ke fashewa da waɗanda ke yin ƙafa.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Masu ba da rancen gina dogo lissafin kwantena da ma'adinai da man fetur suke yi, don nan riba take. Jirgin fasinja da taragon ƙananan kaya su ake fara yankewa idan kuɗi ya gaza. Tarihin da muka kawo kuwa ya nuna su ne suka ɗaga ƙaramin ɗan kasuwa. Idan dogo ya zo Njamena babu su, za mu tsaya a bakin titi muna kallon kayan manyan kamfanoni na wucewa, mu kuma muna nan da shingayen hanya da kuɗin mota.

Saboda haka, duk lokacin da aka gayyaci shugabanninmu zama da majalisar 'yan kasuwa ko jami'an sufuri, muna roƙon su riƙe abu huɗu. A sa jirgin fasinja cikin shirin tun daga farko, da ranakun tashi tsayayyu. A haɗa masa taragon kaya mai farashi a rubuce, wanda mai buhu biyar zai iya biya. A yi binciken duwan wuri ɗaya a tasha, takarda ɗaya ta wadatar har ƙarshen tafiya. A kuma ware kuɗin gyara kowace shekara, don mun ga yadda layin Maiduguri ya fara tsufa tun waɗanda suka yi bikin buɗe shi suna da ƙarfinsu. Wanda bai yi magana ranar rabo ba, kada ya yi kuka ranar ɗauka.

A ƙarshe, muna da roƙo ga iyayenmu da suka hau jirgin Nguru ko na Maiduguri. Wanda ke da tsohon tikiti, ko takardar awon kaya, ko hoto a tasha, ya kawo wa magatakardan ƙungiya a ɗauki hotonsa a mayar masa. Wanda ba shi da takarda, labarinsa ya isa, matasa za su zo gida su rubuta. Kowace shekara ana rage mana masu wannan sani, kuma abin da ke cikin kansu babu shi a ofishin kowace reluwe.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka share mana hanya, ya tsare matafiyanmu a duk inda suke, ya sa albarka a kasuwa, ya maimaita mana na baɗi cikin lafiya da zaman lafiya. Amin.